Nas ɗaya, gado ashirin: ɗan tuni ga masu jinya

Jama'a assalamu alaikum. Ni nas ce, kuma na sha yin dutin dare ni kaɗai a ɗakin mata, gado ya haura ashirin, shi ya sa nake so mu taɓa wannan maganar.

Rai na hannun Allah, wannan ba musu, amma akwai sababi. Likita zai zo zagaye da safe ya rubuta magani ya wuce, wadda ke kwana da mara lafiya ita ce nas, ita za ta lura numfashi ya canza, ko zazzaɓi ya taso bayan tiyata, ko fitsari ya ragu, ko jini ya jiƙe bandeji. Jiki ba ya cika rikicewa farat ɗaya, yakan nuna alama tun awanni kafin nan, to idan mutum ɗaya ce ke kan ashirin kafin ta zagayo kanki ai lokaci ya tafi.

Ba kukan mu na ma'aikata ba ne kawai fa. A 2002 Farfesa Linda Aiken ta jami'ar Pennsylvania a Amurka ta bincika asibitoci 168, aka ga duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 aka sake yi a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, kashi 7 ɗin nan ya sake fitowa. Jihar Kalifoniya ma doka ta yi, a ɗakin kwanciya na gama-gari nas ɗaya ba ta wuce mutum 5, a ɗakin masu tsananin ciwo kuma 2. Biyar fa! Mu nan wlh ko a mafarki, ga abokan aikinmu kullum sai tafiya Ingila da Saudiyya suke.

Toh ke mai jinya, kai mai jinya, idon ku shi ne namu na biyu. In kun ga numfashi na sauri sama-sama, ko mutum ya fara sambatu, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi ga gumi, ko mai jego na zubar da jini har zani ya jiƙe, kar ku ce bari nas ta gama abin da take yi, kunya ba ta da wuri a nan. Ku je ku faɗi lambar gado da abin da kuka gani takamaimai, "Sista gado na shida numfashinta ya canza" ya fi "Sista zo ki duba ta" saurin tayar da mutum. In ba ta zo ba ku koma, ko ku nemi shugabar ɗakin.

Kuma dan Allah kar ku taɓa ƙarin ruwa da kanku don ya yi sauri, in ya tsaya ko ya kusa ƙarewa ku kira mu.