Ma'anar kalori, da abin yi idan sikeli ya ƙi motsi

Ranar Asabar ina cikin Keke Napep daga Kawo zuwa Kasuwar Barci, direba ya ƙure rediyo, sai ga mai tallar shayin rage ƙiba tana rantsuwa cewa shayinta yana wanke kalori daga hanji tas. Matar da ke gefena ta ciro waya tana kwafar lamba. Ban tanka ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Kalmar nan ta cika gari, daga rediyo zuwa zaurukan WhatsApp, zuwa bakin masu zagaye Murtala Square da sassafe. Yawancin masu faɗinta sun ɗauka wata dauɗa ce da ke maƙale a cikin abinci.

Kalori ma'auni ne, kamar mudu, kamar lita. Mai cewa zai wanke maka kalori daga hanji daidai yake da mai cewa zai rege mudu daga cikin shinkafa.

Asalin kalmar daga Latin ne, calor, wato zafi, kuma ba a kicin aka haife ta ba. Wani Bafaranshe, Nicolas Clément, shi ya riƙa amfani da ita wajen 1824 yana koyar da lissafin injin tururi, kakan irin kan jirgin nan mai cin gawayi da tsofaffin ma'aikatan reluwe na Kaduna suka sani kafin zuwan na dizal. Tambayarsa ita ce gawayi nawa zai tafasa ruwa nawa. Kalori ɗaya, irin wanda ake rubutawa kcal a bayan kwalin biskit, shi ne zafin da zai ƙara wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke, Wilbur Atwater, ya kawo lissafin kan abinci: ya ƙona abinci a na'ura ya auna zafinsa, har mutane ya riƙa rufewa a wani ɗan ɗaki yana auna zafin da jikinsu ke fitarwa. Daga aikinsa aka sami lambobin da ake amfani da su har yau. Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, na furotin 4, na mai 9.

To ka ga ke nan babu abinci mai kalori da marar kalori, in ka ɗebe ruwa da gishiri. Na sha jin ana cewa zuma ba ta da shi tunda daga daji take. Babban cokali na zuma ya haura kalori 60. Man zaitun da ake saye da tsada da manjan bakin kasuwa, kowane babban cokali kusan 120 ne. Suna da bambanci ta wasu fuskokin, amma a wannan ma'auni kan su ɗaya.

Ruɗanin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne ɗaukar adadin kalori na yini kamar lambar BVN, wadda in an ba ka sau ɗaya shi ke nan. Wata ƙanwata a Tudun Wada, shekarunta 35, tsayinta santimita 160, ta fara da kilo 90. Ta rage ci, ta sauko 78 cikin watanni, sai sikeli ya kafe. Ta kira ni ranta a ɓace: "Yaya, abin da nake ci dai shi nake ci, ko dai jikina ya lalace ne?"

Jikinta ƙalau yake, ƙanƙancewa ya yi. Tirela ɗauke da siminti a hanyar Zariya ta fi shan mai fiye da lokacin da ta sauke kaya, kuma kilo 12 ɗin nan kaya ne da take ciyarwa tana ɗauka dare da rana. Akwai lissafin da masana abinci ke amfani da shi tun 1990, ana ce masa Mifflin-St Jeor. Ka ninka nauyi sau 10, ka ninka tsayi sau 6.25, ka haɗa, ka cire shekaru sau 5. Mace ta ƙara cire 161, namiji ya ƙara 5. Abin da ya fito shi ne abin da jiki ke ƙonawa ko da kwance aka wuni. Nata a kilo 90 ya ba da kalori 1,564, in an ninka da 1.4 saboda ɗan kai-komon gida ya kusa 2,190. A kilo 78 ya dawo wajen 2,020. Tana cin 1,700, giɓin da ke tsakanin abin da take ci da abin da jiki ke ƙonawa, wanda shi ke rage ƙiba, ya kusa 500 a da, yanzu ya koma 320. Ƙari ga haka, jikin da ya daɗe ana rage masa abinci yakan yi tsimi, mutum ya rage zirga-zirga bai ma sani ba.

Amma 320 ai har yanzu giɓi ne, ya kamata a ga ragi ko kaɗan. Sai da na je gidan na ga inda ya tafi. Ta zuba garau-garau ɗan madaidaici, abin sha'awa. Sannan ta ɗauki gorar man gyaɗa ta karkata, tana ba ni labarin biki, mai yana zuba har sai da wake ya yi ƙyalli. A idona cokali biyu ne ko fiye, 240 ke nan. Yaro ya bar rabin masa, ta ce ba kyau zubar da abinci. Ba ƙarya take yi ba da ta ce ba ta ƙara ci ba, hannu ne ke saki a hankali. A 1992 an yi bincike a New York kan masu kukan sun rage ci amma ƙiba ta ƙi tafiya, aka tarar abin da suke lissafawa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100.

Kafin a taɓa adadi, a tabbata tsayawar ta gaske ce. Gishiri, jinin al'ada da rashin bayan gida suna iya riƙe kilo ɗaya ko biyu. A hau sikeli da safe kafin karin kumallo, a duba mako uku zuwa huɗu, a auna ƙugu da tef ɗin tela. In da gaske ya tsaya, a sake lissafi da nauyin yanzu, a rage 100 zuwa 200 a yini, ko a ƙara tafiyar ƙasa ta rabin awa. Masu zaftare rabin abinci rana ɗaya sukan dawo da ramuwar gayya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada mace ta yi ƙasa da 1,200, namiji 1,500, sai da kulawar likita. Mai ciki, mai shayarwa da mai shan maganin ciwon suga, su fara da asibiti.

Ni dai ban yarda da ƙirgen kalori ɗaya-ɗaya a abincinmu ba. Manhajar waya ba ta san girman malmalar gidanku ba, balle yawan gyaɗar da aka daka a miyar taushe. Abin da ke aunuwa shi ne mai, sukari da lemon kwalba, wanda mai santilita 50 ya haura 200.

Shi kuwa shayin rediyo, da yawa irinsa filasko ne a ciki. Filasko a babban hanji yake aiki, alhali ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abincin, don haka abin da sikeli ya rage ruwa ne da bayan gida. Na yi wa ƙanwata wannan bayani, ta ajiye cokali kusa da gorar mai. Mako uku ke nan, ta sauka rabin kilo. Jiya ta kira tana tambaya ko na riƙe lambar mai shayin.