Tsufa a Koyarwar Kirista

A koyarwar Kirista ana ɗaukar tsawon rai kyauta ce daga Allah, tsufa kuma lokacin hidima ne irin ta dattawa: addu'a, ba da shawara da renon bangaskiyar na baya. Karin Magana 16:31 ta kira furfura rawanin daraja, Zabura 92 kuma ta ce masu adalci za su ci gaba da ba da 'ya'ya ko da sun tsufa.

Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen da babban aikinsu ya zo bayan ƙarfi ya fara ja da baya. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran. Musa yana da 80 ya tsaya gaban Fir'auna. Amma wadda masu wa'azi suka fi kawowa ita ce Hannatu, 'yar Fanuyila ta kabilar Ashiru, a Luka sura 2. Shekara bakwai kawai ta yi da mijinta ya rasu. Ta tsufa tukuf, ba ta rabuwa da Haikali, dare da rana tana azumi da addu'a. Ran da aka kawo jariri Yesu, ita da dattijo Saminu ne suka gane shi, ta shiga ba da labarinsa ga duk masu sauraron fansar Urushalima. Luka bai ambaci wani firist da ya lura ba.

Nassin bai ɓoye wuyar tsufa ba, kuma nan ne ya fi wasu wa'azozin zamani gaskiya. Barzillai, wani attajiri mai shekara 80 da ya taimaki Sarki Dawuda, ya ƙi gayyatar sarkin zuwa fada, ya ce bakinsa ya daina jin ɗanɗanon abinci, kunnensa ba ya jin muryar mawaƙa. Sai ya miƙa wani mutuminsa mai suna Kimham a madadinsa, ya roƙa a bar shi ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa. Mai Zabura 71 ma kuka yake kada Allah ya yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Farin cikin tsufa a wannan koyarwa yana tafiya tare da ciwon gwiwa da kaɗaici. Manzo Bulus ya ce jiki na lalacewa, amma mutumin ciki ana sabunta shi kowace rana.

A wasiƙarsa ga Titus, Bulus ya ɗora wa tsofaffin mata koyar da matasan mata zaman gida. Ana ganin wannan a Zumuntar Mata ta ikkilisiyoyin arewacin Najeriya, irin su ECWA da COCIN, inda iyaye mata ke ja-gorar waƙa, ziyarar marasa lafiya da sulhunta ma'aurata.

A cocin Katolika, Fafaroma John Paul II ya rubuta wa tsofaffi wasiƙa ta musamman a 1999, shi kansa yana da shekara 79. A 2021 Fafaroma Francis ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli a matsayin ranar kakanni da tsofaffi ta duniya.