Ba aure aka haihu, kuma kana son a ba ka jaririn: ga yadda abin yake a kotu

Jiya bayan la'asar ƙanen wani abokina ya ja ni gefe a bakin masallaci, yana ta murza hularsa a hannu, ya ce Yaya don Allah tambaya gare ni amma ta tsaya tsakaninmu. Yarinyar da yake nema a wani ƙauye wajen Ringim ta haihu ba a ɗaura aure ba, jaririn yau wata biyu, iyayenta sun ce ko zauren gidansu kar ya kuskura ya taka, shi kuma so yake ya kai ƙara a ba shi ɗansa ya kai wa mahaifiyarsa ta raina. Wallahi ya ba ni tausayi, don da yawa gudu suke yi su bar yarinya da wahala, shi ko nema yake. Amma dole na gaya masa gaskiya.

A nan Kano da Jigawa in dai Musulmi ne ku duka, maganar nasaba da riƙon yaro gaban alƙalin kotun shari'a take zuwa, shi kuma da Malikiyya yake hukunci. A Malikiyya ɗan da aka samu ba ta hanyar aure ba uwarsa ake jingina wa, ba ya gadon wanda ya yi cikin shi ma ba ya gadonsa, in mace ce kuma ba shi ne waliyyin aurenta ba. Hujjar ita ce hadisin nan da ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne, wato mijin aure. Ko an yi sauri an ɗaura auren rufin asiri, in ta haihu kafin wata 6 ba a danganta masa. Akwai malamai irin su Ibn Taimiyya da suka ce in matar ba ta da miji kuma namijin ya amsa nasa ne ana iya danganta masa, amma kotunanmu ba a kan wannan suke tafiya ba.

To ko da ma ɗan aure ne aka rabu, jariri mai shan nono wa zai raba shi da uwarsa? Riƙo, wato hadana, haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri bare sai riƙon ya koma hannun kakarsa ta wajen uwa, bayanta yayar uwa ko ƙanwarta, kafin ma a waiwayo dangin uba. Na uba ci da sha da sutura ne.

Sai abin da samari ba sa tunawa. Ka tsaya gaban alƙali ka ce ni na yi cikin, iƙirarin zina ka yi da bakinka, kuma dokar laifuka ta shari'a da jihohin nan biyu suka kafa a 2000 ta tanadi bulala 100 ga wanda bai taɓa aure ba. Ita ma yarinyar ka ƙara jawo mata. Kar ka taka kotu sai ka zauna da lauya.

E, akwai dokar kare yara, ta tarayya tun 2003, Jigawa ta yi tata a 2021 Kano a 2023, kuma sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Waɗannan yaron suke karewa, ba su ce a ciro shi daga goyon uwarsa ba. Ɗauke shi da ƙarfi ko a ɓoye kuwa kes ne na 'yan sanda kai tsaye.

Na ce masa ƙofar da ta rage sulhu ne. Ya samu kawunsa su je wajen liman ko mai unguwa, in abin ya ƙi a je Hisba, ya ce zai riƙa kai gero da sabulu da kuɗin magani duk wata a bar shi ya dinga ganin yaron. Ya yi shiru can ya ce Yaya in suka maido kayan fa? Na ce ka sake aikawa wata mai zuwa, ta hannun liman.