Ganin kala da ƙwayoyin kama haske a idon jemage

Jemage ba makaho ba ne, maganar da mutane ke yawan yi cewa makaho ne ba ta da tushe ko kaɗan. Akwai nau'in jemage sama da 1,400 a duniya, kuma dukkansu suna da ido mai aiki. A can bayan idon akwai wani tantani mai ɗauke da ƙwayoyin kama haske iri biyu, wasu dogaye kamar sanda su ne na gani cikin duhu amma ba ruwansu da kala, wasu kuma masu tsini kamar mazurari su ke bambance kala, sai dai suna buƙatar haske sosai. Mutum na da masu tsinin nan iri uku, yawancin dabbobi masu shayarwa biyu gare su.

Da yake jemage ɗan dare ne, masu sandan sun fi yawa nesa ba kusa ba. A 2009 Brigitte Müller da Leo Peichl na cibiyar Max Planck a Frankfurt, Jamus, suka duba idon wasu ƙananan jemagu biyu na Kudancin Amurka, suka tarar masu tsinin sun kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, kuma abin da ya fi burge ni shi ne wasu daga ciki na kama hasken UV, wanda mu ko mun zare ido ba ma ganinsa, alhali akwai furannin da ke mayar da wannan hasken kuma ɗaya daga jemagun nan ruwan fure yake sha.

To amma fa ba duka ne ke ganin kala ba. Manyan nan masu cin 'ya'yan itace da ke cika bishiyoyin wajen gidan zoo na Jos, waɗanda in magariba ta yi za ka ga sun rufe sama, daga dangin Eidolon suke, kuma binciken 2007 a kan wani ɗan'uwansu ya nuna masu tsini iri ɗaya tak gare shi, ka ga da iri ɗaya ba a iya bambance kala, sai dai haske da duhu, su haɗa da ƙamshi su gano mangwaro ya nuna. Dangin Pteropus, wasu manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace na Asiya da Ostireliya, kuwa iri biyu gare su.

Jemagu masu hanci kamar kofaton doki, da suka ƙware wajen bin amsa-kuwwar kukansu, su ma sun rasa ƙwayoyin UV ɗin.