Kwazazzabo daga sama ake kama shi

Duk shekara da watan Maris ya kama, sai in fara ganin manoma suna jigilar buhunan yashi zuwa bakin kwazazzabo. Bara na tarar da wani dattijo a wajen Bisichi da ke kan tudun Jos, shi da 'ya'yansa uku, sun jera buhu ya fi hamsin a gindin gona, inda ramin ya fi faɗi da zurfi. Na ce, "Baba, sannunku da aiki, amma kafin ruwa ya iso nan ya riga ya fi ƙarfin buhu." Ya dube ni ya ce, "To Malam, ai nan ne yake cin gonar."

Ban yi masa gardama ba. Na tsinko ganyen kabeji a lambun da ke gefe, na kifa shi a tafin hannu. Ga babbar jijiya a tsakiya, ga matsakaita sun fito daga jikinta, kowace kuma ta fid da ƙanana, ƙananan ma sun fid da nasu har ido ya kasa bi. Na ce masa haka hanyar ruwa take a kan tudun nan, sai dai shi ruwa daga ƙananan yake tasowa ya taru a babbar. Buhunansa a kan babbar jijiya suke.

Wannan fasali da ake ganinsa a reshen bishiya, a saiwa, a kogi da rafukansa, inda ɗan guntu yake kama da dukkan abin, masana lissafi suna kiransa firaktal. Benoit Mandelbrot ne ya raɗa sunan a 1975. Tun kafin shi, a 1945, wani injiniyan ruwa a Amurka mai suna Robert Horton ya nuna cewa rafuka ba da ka suke haɗuwa ba. Galibi kowane rafi, ƙanana uku zuwa biyar ne suke zuba masa. Mu ɗauki huɗu. Kwazazzabo ɗaya yana shan ruwan kwari huɗu, su kuma na magudanai 16, su kuma na 'yan zirara 64 waɗanda yaro zai tsallake ba tare da ya lura ba. Ɗan zirin nan, dutse goma da gindin ciyawa sun ishe shi. Na ƙasan kuwa ko siminti sai ya yi da gaske.

Inda girgizar ƙasa ta yi ɓarna an sha wannan darasi da tsada. Ranar 12 ga Mayun 2008 girgiza ta afka wa lardin Sichuan na ƙasar Sin, mutum wajen 69,000 suka rasu, duwatsu suka zabtare a dubban wurare. Ɓaraguzan ba su sauko duka a ranar ba, sun maƙale a ƙananan kwaruruwa can sama. A watan Agustan 2010 da aka tafka ruwa, sai laka da duwatsu suka gangaro suka toshe kogi, ruwa ya shiga garin Yingxiu da ake tsaka da sake ginawa. Shi ya sa gyaran irin wannan wuri ba ya tsayawa a bakin gari, sai an bi kwari-kwari ana jera shingaye, ana mayar da ciyawa da itatuwa.

Mu nan Allah Ya rufa mana asiri, abin da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018 motsi ne, bai kai ga haka ba. Amma ƙasar Jos ta sha nata jijjiga a hannun mutane. Tun farkon shekarun 1900 ake haƙar kuza, an birkice ƙasa daga Bukuru har Barikin Ladi, an bar tsibin ƙasa da kududdufai, an datse hanyoyin ruwa na asali. Ruwa kuwa ba ya zama babu hanya, sabuwa yake yanka wa kansa, sau da yawa ta tsakiyar gonar wani. Wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a unguwannin Rikkos da Gangare na Jos ya san yadda yake idan ya taru wuri guda.

To ga yadda muke yi. Bayan ruwan farko, a ɗauki sanda a bi kwazazzabon da ƙafa, a hau sama har inda ya zama ɗan layi a ƙasa, duk inda ya rabu a kafa alama. Daga can ake fara aiki. A jera duwatsu a gicciye, kan layin da ya daidaita, ba mai gangara ba. A bayansu a dasa jema, tazarar taƙi ɗaya tsakanin gindi da gindi. Saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai kuma ba ta yaɗuwa cikin shuka. Idan babu, gamba ma tana taimakawa.

A cikin kwarin kuma shinge kada ya wuce gwiwa. Tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa, don ruwa ya bi ta kai maimakon ya zagaya ya ci gaɓa. A tona gefe biyu a cusa duwatsun cikin gaɓar, a shimfiɗa wasu a ƙasa inda ruwan zai faɗo. Na gaba a sa shi yadda kansa zai yi daidai da gindin na sama, kamar matakala. Mutane suna son dogon bango guda ɗaya don ya fi cika ido, ni kuwa na fi yarda da gajeru goma. Kuma don Allah a daina miƙe hanyar ruwa kamar an ja zare. Lanƙwasar nan ita ke rage masa gudu.

Idan kuka ga ƙasa ta tsage a saman gaɓa, ko itace ya fara karkata, a janye yara da dabbobi, a daina haƙa a gindin, a sanar da hukuma. Wannan ya wuce aikin fartanya.

Wahalar da ta fi dutse nauyi ita ce maƙwabta. A wajen Baba rassa bakwai muka ƙirga, biyu kacal ne a gonarsa. Sai da mai unguwa ya tara masu sauran biyar ɗin bayan sallar Juma'a. Huɗu sun yarda, sun fito aikin gayya. Na biyar ya ce layin dutse zai cinye masa kunya biyu ta dankali, kuma shi ruwa bai taɓa yi masa ɓarna ba. Har yanzu lallashinsa muke yi.