Shaharar Asisat Oshoala a ƙwallon ƙafar mata: tambayoyi da amsoshi

Wace ce Asisat Oshoala, kuma daga ina ta faro?

'Yar wasan gaba ce ta tawagar matan Najeriya, Super Falcons. An haife ta a Ikorodu da ke jihar Legas a 1994, ta fara taka leda a FC Robo kafin ta koma Rivers Angels ta Fatakwal. Ta sha faɗa da bakinta cewa iyayenta ba su so ta shiga harkar ƙwallo ba da farko.

Yaushe sunanta ya fita duniya?

A 2014, lokacin gasar cin kofin duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Kanada. Ta zura ƙwallo 7, ta karɓi kyautar wadda ta fi kowa cin ƙwallo da ta gwarzuwar gasar, duk da cewa Jamus ta doke Najeriya da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe. Daga nan Liverpool ta ɗauke ta a 2015, shekarar da ta zama ta farko da ta lashe kyautar BBC ta gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya, sannan ta wuce Arsenal, ta kuma buga a ƙasar Sin.

Me ya sa ake yawan danganta ɗaukakarta da Barcelona?

Domin a can ne ta yi abubuwan da babu wata 'yar Afirka da ta riga ta yi. Ta isa ƙungiyar a 2019, kuma a shekarar ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, wanda Lyon ta yi nasara da ci 4 da 1. A 2021 ta ɗaga kofin, a kakar 2021/22 kuma ta ci ƙwallo 20 a gasar Sifaniya duk da raunin da ya hana ta wasanni da dama, abin da ya sa sunanta ya shiga jerin masu takarar Ballon d'Or, babbar kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya ta shekara, a 2022. A ganina wannan zama na shekara biyar shi ne ƙashin bayan shahararta, domin ta je a daidai lokacin da gidajen talabijin da dubban 'yan kallo suka fara juyowa ga wasan mata, har idon duniya ya sauka a kanta tana kan ganiyarta.

A Afirka fa, akwai wadda ta kamo ta?

Ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka sau 6, tsakanin 2014 da 2023, inda ta zarce Perpetua Nkwocha mai 4. Ƙwallon da ta ci Ostireliya a 2023, ranar da Najeriya ta doke mai masaukin baƙi da ci 3 da 2, ta mayar da ita 'yar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a gasar kofin duniya uku daban-daban.

Ina ta nufa bayan Barcelona?

Ta koma Bay FC ta Amurka a 2024, daga baya kuma ta sanya hannu a Al-Hilal ta Saudiyya a 2025.