Raba burauza a laftop ɗaya

Raba burauza wata dabara ce ta tsaro inda mutum zai saka burauza biyu ko uku a laftop ɗinsa ya ware wa kowacce aikinta, misali Firefox don banki da biyan kuɗin makaranta kawai, Chrome don Gmail da Facebook da YouTube, ta ukun kuma don yawon bincike da shiga shafukan da bai yarda da su ba. Dalilin da ya sa dabarar ke aiki shi ne kowace burauza da inda take ajiye kayanta, wato kukis da tarihin shafukan da aka shiga da kalmomin sirrin da aka adana, kuma ɗaya ba ta leƙa ma'ajiyar 'yar'uwarta.

Yadda abin yake aiki

Kukis wasu 'yan ƙananan bayanai ne da shafi ke bari a na'urarka don ya gane ka idan ka dawo, su ne suka sa za ka rufe Facebook yau ka buɗe gobe ka tarar kana ciki ba a tambaye ka komai ba. Wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ne ya kawo su a 1994. Matsalar ita ce kamfanonin talla sun mayar da su hanyar bin sawun mutane daga wannan shafi zuwa wancan, to amma idan akawun ɗinka na Facebook yana cikin Chrome, kai kuma kana karatu a Firefox, kukin da zai nuna kai ne babu shi a wajen. Haka ma 'yan ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza, masu toshe talla ko sauke bidiyo, da yawansu suna da izinin karanta duk abin da ke shafin da ka buɗe, har shafin banki. Burauzar da ka ware wa kuɗi bai kamata a liƙa mata ko ɗaya ba, kuma a gani na wannan shi ne babban amfanin rabawar, ya ma fi batun talla muhimmanci.

Wanne da wanne

Ba duk burauza masu suna daban ne suke daban a ciki ba. Chrome da Google ya fitar a 2008, da Edge na Microsoft tun Janairun 2020, da Brave da Opera, duk a kan tushe ɗaya aka gina su mai suna Chromium, don haka idan aka gano ɓaraka a tushen sau da yawa dukkansu take shafa. Firefox na Mozilla da ya fito a 2004 shi injinsa daban ne, Gecko ake ce masa, shi ya sa masu wannan dabara suka fi son a ce ɗaya daga ciki Firefox ce. Tun 2022 ma Firefox ke killace kukis na kowane shafi a wajensa ba sai ka saita komai ba. Akwai kuma Tor Browser da aka gina a kan Firefox don ɓoye adireshin mai amfani, amma tana da jinkiri kuma ba ta dace da harkar banki ba.

Inda mutane ke kuskure

Kowace burauza da ka ƙara, nauyin sabunta ta ya hau kanka. Nan ne fa abin ke damun mutum, domin a Zariya ɗalibai da yawa, daga harabobin jami'ar ABU na Samaru da Kongo zuwa kwalejin Nuhu Bamalli, laftop na hannu suke saya, a ɗora musu Windows a shago, sannan a kashe afdet gaba ɗaya wai kar ya cinye data, sai ka ga burauza huɗu a kwamfuta ɗaya babu wadda aka sabunta tun bara, kuma da ita ake shiga fotal ana biyan kuɗi ta Remita. A Satumban 2023 an gano wata ɓaraka a yadda ake buɗe hotunan WebP, ta shafi Chrome da Firefox da Edge da Brave baki ɗaya, kowacce kuma sai da ta fitar da nata gyaran. Wanda ya sabunta ɗaya ya bar uku, to ukun nan a buɗe suke. Mai Windows 7 ko 8.1 shi nasa ya fi muni, don Chrome 109 na farkon 2023 shi ne na ƙarshe da zai samu, Windows 10 ma Microsoft ya daina ba shi tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoban 2025. Burauza biyu da ake kula da su sun fi biyar da aka yi watsi da su.

Lokacin saka sabuwar burauza za ta tambaye ka ko ta kwaso kalmomin sirri da tarihi daga tsohuwar, a ce mata a'a, in ba haka ba an haɗe abin da ake son rabawa. Sannan kar a sa ta banki ta zama wadda ke buɗe linki kai tsaye, domin duk linkin da aka turo maka ta WhatsApp ko imel a can zai faɗa.

Abin da dabarar ba ta iya yi

Burauza daban-daban a laftop ɗaya tamkar ɗakuna ne a gida mai zaure ɗaya, idan ɓarawo ya wuce zauren babu ɗakin da ya tsira. Akwai bairos irin su RedLine da Lumma da aikinsu kawai kwashe kalmomin sirri da kukis daga duk burauzar da suka tarar, kuma suna yawan shigowa ne ta manhajojin da aka fasa, irin Office ko Photoshop na kyauta da ake yawo da su a filas. Da kukin da aka sace mutum zai iya shiga akawun ɗinka ko bai san kalmar sirrinka ba. Sauya burauza kuma ba ya sauya adireshinka na intanet, kamfanin layinka ko mai wayafai ɗin da ka hau yana ganin sunayen shafukan da kake shiga, yanayin sirri na Incognito ma bai hana wannan ba, tarihi da kukis kawai yake gogewa a na'urar.

Laftop ɗin da ake aro a hostel ko ƙanne ke taɓawa a gida, raba burauza bai wadatar ba, kowa a buɗe masa nasa akawun na Windows da kalmar sirrinsa. Kalmomin sirri masu muhimmanci gara a ajiye su a manhaja irin Bitwarden ko KeePass, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu a imel kafin komai. Idan RAM ɗin laftop ɗin 4GB ne kuwa, a rufe burauza ɗaya kafin a buɗe wata, in ba haka ba kwamfutar za ta yi ta maƙalewa batir kuma ya ƙare kafin a kawo wuta.